Sallar Na'ibi

Ranar da aka naɗa ni mataimakin shugaban tsangayar aikin gona a jami'ar da nake koyarwa, ban tsaya a gidana na Jega ba sai don in sake riga. Na kama hanyar Giwa Tazo, ina so mahaifina ya ji labarin daga bakina kafin wani ya riga ni. Na same shi a gindin dogon yaron da ke ƙofar gida yana tufkar igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi muƙamin da Turanci tukuna, don ya fi cika baki, sannan na juya masa shi da Hausa.

"Tsangaya?" in ji shi. "Kai da munka kai boko, mi yak kai ka tsangaya?"

Na yi masa bayani cewa a jami'a haka ake kiran babban ɓangaren karatu mai sassa da yawa a ƙarƙashinsa. Akwai shugaba, ni kuma ina biye da shi, duk ranar da ba ya nan ni zan riƙe wurin. Ya ajiye igiyar ya dube ni, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"To ka ce na'ibi anka yi ka mana. Ashe gadon gida kat tahi can ka ɗauko."

Na yi yaƙe, amma maganar ta soke ni. Tun ina ƙarami na yi wa kaina alkawarin ba zan taɓa zama na'ibin kowa ba, ga shi na zo da mota da babbar riga ina murna da abin da na rantse ba zan yi ba.

Mahaifina shi ne na'ibin limamin masallacinmu tun kafin in yi wayo. Limamin mutum ne mai yawan tafiya, yau yana Kuberi wajen 'yan'uwa, gobe yana Jega wajen ɗaurin aure, don haka galibin salloli Baba ke jan su. Shi ake tasowa in an yi rasuwa, shi ke zama da ma'auratan da suka saɓa har su shirya, shi ke raɗa suna in liman ya makara. Amma da kaka, dammunan gero da dawa da mutane ke ware wa malamai, ƙofar gidan liman ake jibge su. Cinyar ragon suna can take zuwa, ko da bakin Baba ne ya yi addu'ar. In liman ya tuna ya aiko mana da wani abu, to; in ya manta, mahaifiyata ta ja tsaki a madafa, shi kuwa ko a jikinsa. Da tsohon liman ya rasu, kowa ya ɗauka an gama magana, sai dattawa suka tsayar da ɗansa, wanda Baba ne ya koya masa karatun salla. Baba ya koma bayansa ya tsaya inda ya saba tsayawa. Na daɗe ba na iya gaishe da dattawan nan da sakin fuska.

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci a kan wannan aiki ba sai rana ɗaya. Wani babban dillalin albasa daga Aliero ya zo sayen kaya garinmu, la'asar ta riske shi, ya bi sahu. Liman ba ya nan. Baba ya yi yadda ya saba: ya aika gidan liman aka ce ya yi tafiya, ya tsaya a bakin masallaci yana duban hanya har mutane suka fara gyaran murya, sannan ya shiga gaba. Ana sallamewa sai ga liman ya sauko daga bayan babur. Dillalin ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya ce wa liman ya shiga gaba su sake, ai wadda aka yi ta na'ibi ce. Baba yana zaune a kan buzunsa, ya juyo gaba ɗaya.

"Alhaji," ya ce, "na aika, na jira hal lokaci ya ɗauko tahiya, sannan nis shiga gaba. In alwalata ta ɓaci, ko na yi kure ga karatu, hwaɗi gaban mutane. In babu, wagga salla ta yi, kuma ba a sake ta cikin masallacin ga."

Muryarsa tana rawa. Liman da kansa ya ce na'ibi ya yi gaskiya, ya koma gefe ya yi tasa shi kaɗai. Dillalin ya zauna yana jan carbi da ƙarfi. Da muka koma gida Baba bai sake tayar da zancen ba, ya ɗauki fartanya ya nufi fadama.

To ni ma ga ni na'ibi. A takardar naɗi aikin mataimaki gajere ne: ka taimaki shugaba, ka wakilce shi in ba ya nan. Wanda ya rubuta wannan bai san shugabanmu ba. Farfesa malami ne na gaske, ba zan ƙwace masa wannan ba. In ya tsaya yana bayanin cutar da ke ruɓar da albasa a ajiya, ko tsohon manomin Aliero sai ya gyara zama. Shi ya sa kowa ke nemansa. Wannan makon yana Abuja wajen taro, mako mai zuwa yana wata jami'a yana duba musu malamai, wani lokaci sai dai mu ga hotonsa a ƙasar waje. Abin da ya bari a baya kuwa duk nawa ne. Ni ke tsara jadawalin darussa, malamai su zo su yi mini tsiya don na sa su da sassafe. Ni ke raba ɗakunan jarrabawa, ni ke zagayawa cikin rana in ga ko masu tsaro sun zo. Ɗalibin da sakamakonsa ya ɓata, ƙofata yake tsayawa. Wanda aka kama da satar amsa gabana ake kawo shi, kawunnansa na biye suna roƙo. In mahaifin wani ma'aikaci ya rasu a Maiyama, ni ke jan ayari da motata zuwa ta'aziyya, in durƙusa in ce Farfesa ne ya aiko ni, alhali Farfesa bai ma ji an yi rasuwar ba.

Duk da wannan ba a rage mini aji ko ɗaya ba. Kuma in lokacin ƙarin girma ya zo, ba mai tambayar rigima nawa ka kashe, sai dai bincike nawa ka wallafa. Nawa binciken yana cikin kwali a bayan ƙofa, gizo-gizo ya yi gida a kansa. Abin da nake rubutawa kullum shi ne kalmomin nan da ke ƙasan kowace takarda da ta fita daga hannuna, "a madadin shugaba", sannan sa hannuna. Na rubuta su har wata rana na tarar na sa su a ƙasan takardar makarantar ɗiyata.

Shugaba yana da motar ofis da direba, da sakatariya, da ɗaki mai sanyi ko an ɗauke wuta. Ni abin da nake da shi wani alawus ne da ake kira na ɗaukar nauyi. Watan farko da ya shigo na nuna wa matata saƙon banki. Ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da ido, kamar mai neman tsakuwa a cikin shinkafa.

"Wanga na kuɗin nauyin?" ta ce. "To lalle nauyin ba shi da yawa. Ko man zuwa ta'aziyya guda ba shi saye, Malam."

Tun daga ranar ta laƙaba mini suna. In na dawo gida a gajiye sai ta ce wa yara, "A-Madadi ya dawo, ku ba shi ruwa." Ina dariya, amma akwai inda abin ke ci mini rai. Duk zaman da ake biyan wanda ya shugabance shi, da sunan kujera ake biya, ba da sunan wanda ya zauna a kanta ba. Ni in zauna in sha surutu yini guda, wayar Farfesa ta yi ƙarar saƙon banki a Abuja. Na yi ƙorafi a taro, aka ce haka tsarin yake, za a duba. Na haɗiye, na ci gaba da aiki, don ban ga inda zan tsaya in yi faɗa a kan kuɗi ba tare da an ce kwaɗayi ne ya kawo ni ba.

Abin da ban iya haɗiyewa ba ya zo ne a wata bazara, ana tsakiyar zafi. A ƙarshen karatu kowane ɗalibin ajin ƙarshe sai ya tsaya gaban malamai ya kare kundin binciken da ya yi, kuma dole a gayyato wani farfesa daga wata jami'a ya zauna ya ba da maki tare da mu. In ba a yi wannan zama ba, sakamakon ajin ba ya zuwa gaban majalisar jami'a. In kuwa ya kuskure zaman majalisa na ƙarshen zango, ajin gaba ɗaya sai baɗi. Farfesa da kansa ya sa rana, da kansa ya gayyato baƙon, wani dattijo da ya taso daga nesa, wanda tun farko ya gaya mana yini ɗaya kawai gare shi, don jirginsu na aikin Hajji yana gab da tashi.

A cikin ajin akwai wata babbar mace, malamar gona ce daga wajen Maiyama, ta girmi wasu daga cikin masu koyar da ita. Wurin aikinta sun ba ta hutun karatu da ƙyar, kuma hutun ya zo ƙarshe. Bincikenta a kan rudu ne, wato ɗakin kara da ciyawa da manoma ke ajiye albasa a ciki, tana gwada wane irin gini ne ya fi hana ta ruɓewa. A ranar ta iso tun da safe a bayan babur, da kwanduna cike da albasar da za ta nuna.

Hantsi ya yi, baƙo yana zaune, ɗalibai sun jeru a baranda cikin kwat ɗin aro suna gumi, babu Farfesa. Na kira wayarsa, a kashe. Na sa sakatariya ta kira gidansa, aka ce tun jiya an yi masa kiran gaggawa ya tafi Abuja, ya ce zai dawo da safe. Na sake kira, a kashe. Na fita na tsaya a bakin ƙofar tsangaya ina duban hanya, kamar yadda na sha ganin Baba yana duban hanyar gidan liman. Malamar gonar nan ta bar kwandunanta ta zo ta rusuna a gefena.

"Malam, in anka ɗaga zaman ga, ni dai shi ke nan. Ba su ƙara ba ni hutu."

Na koma ciki, na tarar baƙon yana duba agogo. Ya tambaye ni a hankali ko tsangayar ba ta da mataimakin shugaba. Na ce ga shi a gabanka. Na ja kujerar Farfesa na zauna, na ce a kira ɗalibi na farko. Muka yi ta yi har bayan la'asar. Baƙon bai raga wa kowa ba, malamar gonar ma sai da ya matse ta da tambayoyi har ta jiƙe da gumi, amma ta ci. Ya sa hannu, ni ma na sa nawa a madadin shugaba, na raka shi har mota.

Bayan kwana biyu Farfesa ya dawo, ya aiko a kira ni. Bai ce in zauna ba.

"Dakta, wa ya ba ka izinin hawa kujerata?"

Na faɗa masa yadda aka yi, da kiran da na yi, da jiran da na yi. Ya ce kare kundi ba jadawali ba ne, zama ne da shugaba kaɗai ke shugabanta, don haka abin da muka yi bai zauna ba, za a sake. Na ce baƙon ya riga ya tashi, majalisa kuma mako mai zuwa za ta zauna. Ya ɗaga kafaɗa ya ce to sai baɗi, ɗalibai sun saba jira.

Na san abin da ke cinsa. Dattijon nan da ya zo malaminsa ne a da, ya zo ya tarar ba ya nan, kunya ta kama shi, yana neman wanda zai sauke ta a kansa. Da a kaina kaɗai zai sauke, da na ɗauka, na saba. Amma ya kwashe shekara guda daga rayuwar aji ɗaya don ya wanke fuskarsa, wannan na ji har cikin ƙashina ba zan yarda ba. Na ce masa a kai maganar gaban taron malaman tsangaya. Ya ce ai shi ma can zai kai ta.

A gida matata ta daina tsokana. Ta san Farfesa ne ke rubuta ra'ayi a kan ƙarin girmana, kuma takarduna suna kan teburinsa a lokacin.

"Kai da ba ka samun komi ga kujerar ga, mi za ka yi hwaɗa kanta?" ta ce. "Ba shi haƙuri, a lallaɓa."

Na ce mata haƙuri ai wanda ya yi laifi ke bayarwa, ta nuna mini nawa. Sai ta ce in dai zan yi, kada in yi rabi in tsaya. Washegari malamar gonar ta zo ofishina, labari ya riga ya kai mata. Na ce ta koma gida ta kama aikinta, ai ta riga ta gama karatu. Na faɗa da ƙarfin murya, ko da yake ni kaina ban san yadda za ta kaya ba.

Taron malamai da Turanci ake yin sa. Farfesa ya karanto dokar da ta ce shugaba ne ke shugabantar zaman kare kundi. Na karanto wadda ta ce mataimaki ke riƙe ofis in shugaba ba ya nan. Ya ce riƙe ofis daban, yanke hukunci daban. Na dubi abokan aikina, waɗanda suka zauna tare da ni a ranar suka ba da maki da hannunsu, kowa ya duƙar da kai yana wasa da biro. Ban ga laifinsu sosai ba, kowa yana da takardar da ke jiran sa hannun Farfesa, amma raina ya ɓaci. Aka yi ta juya magana ɗaya har aka kira azahar. Farfesa ya ce a je a yi salla, in an dawo a rufe zancen, kuma kowa ya ga inda ya nufa.

Akwai ɗan masallaci a bayan tsangayarmu. Limaminsa malami ne a wani ɓangare, ranar kuma bai fito ba. Ladan ya leƙa waje, ya jira, ya sake leƙawa, sannan ya yi wa na'ibi alama. Na'ibin ƙaramin malami ne a sashen nazarin ƙasar noma, ɗalibin Farfesa ne ma a shekarun baya. Ya shiga gaba ya ce a daidaita sahu. Farfesa ya tsaya daidai bayansa, ni kuma a gefen Farfesa, kafaɗa da kafaɗa. Allah ya yafe mini, rabin hankalina ba a sallar yake ba, don tun daga kabbarar farko na ga abin da zan faɗa. Aka sallame. Na bari sai da muka koma ɗakin taro, inda mata malamai ma za su ji.

Farfesa ya fara taƙaita bayani don ya rufe. Na ɗaga hannu, ban jira ya ba ni dama ba na miƙe. Na ajiye Turanci, Hausar Giwa Tazo ce ta fito.

"Ranka shi daɗe, tambaya gare ni. Azahar ɗin da munka yi yanzu, wa yaj ja ta?"

Ya dube ni a ɗage. "Me ya kawo wannan a nan?"

"Na'ibi yaj ja ta, kuma kana tsaye bayanai. In liman ya hito anjima, za ka sake ta?"

Wani ya yi ƙoƙarin danne dariya ya kasa. Na'ibin da ya ja sallar yana can ƙarshen teburi, ya rasa inda zai sa idonsa. Farfesa ya ce masallaci daban, jami'a daban, kuma shi bai wakilta ni a wannan zama ba.

"Jami'a ta wakilta ni tun ranar da tan naɗa ni," na ce. "Na kira wayarka, na aika gidanka, na jira har baƙo ya hwara duba agogo, sannan nis shiga gaba. In na yi kure cikin zaman, hwaɗi gaban mutane. In kuwa hannuna na ba shi da ƙarhi, to ba wanga zama kaɗai za a sake ba. Duk jarrabawar da niy yi tsaro a madadinka, duk sakamakon da nis sa ma hannu, duk hutun da nib ba malaman ga da ke zaune nan, a tattaro su a sake. Ni zan kai maganar majalisa da kaina."

Muryata tana rawa, na ji ta, na kuma san inda na taɓa jin irin wannan rawar. Malamai suka shiga kallon juna. Ba wanda bai da wata takarda mai ɗauke da "a madadin shugaba" a gidansa. Can sai mafi tsufa a cikinmu, wata farfesa da ba ta cika magana a taro ba, ta cire tabarau ta ce ita dai ta zauna a zaman, ta ba da maki, ba ta ga abin da ya ɓaci ba, kuma ba za ta sake sauraron kundin da ta riga ta saurara ba. Daga nan bakuna suka buɗe. Farfesa ya tattara takardunsa ya ce a rubuta cewa taro ya amince da zaman, a wuce magana ta gaba. Bai dube ni ba har aka tashi.

Sakamako ya je majalisa a kan lokaci, ajin ya fita, malamar gonar ta koma Maiyama da digirinta. Kuɗin zaman kare kundin kuwa asusun Farfesa suka shiga kamar kullum, bai kuma aiko da komai ba. Takardun ƙarin girmana suka kwana suka yini a kan teburinsa har zangon ya wuce. Da wa'adina ya cika ya gabatar da sunan wani, ba wanda ya yi mamaki. Sabon mataimakin mutumin kirki ne, kullum yana ofishina yana tambayar yadda ake raba ɗakunan jarrabawa, idanunsa sun fara faɗawa. Matata ta ce tunda an sauke A-Madadi, ko man mota ya huta.

Na je Giwa Tazo bayan an yi ruwan farko. Baba ya tsufa ƙwarai, sai da sanda yake zuwa masallaci, amma har yanzu shi ne na'ibi. Na zauna a gefen tabarmarsa na ba shi labari tun daga farko, har da tambayar da na yi wa Farfesa. Bai yi dariya ba. Da na ce masa an sauke ni, bai ko motsa ba.

"Sun sake ta?" ya tambaya.

"Ba su sake ba, Baba."

"To ta yi."

Na ce masa ta yi, amma ni ban gamsu ba. Na ce ni ba irinsa ba ne, ba zan iya ganin ana jibge dammuna a ƙofar wani in ce ko a jikina ba. Aikin da na yi na yi shi, kuma haƙƙinsa yana wuyan wasu. Na faɗa da zafi, har na ji kunyar ɗaga murya a gabansa. Ya daɗe yana murza igiyar da ke hannunsa.

"Wa yac ce maka ko a jikina?" ya ce. "Duk kaka sai na ji shi nan." Ya dafa ƙirjinsa. "Ina komawa gida in iske uwarka tana auna hatsi da gwangwani, kana zaton ban gani? Ranar da anka tsai da yaron ga gabana, kwana niy yi ban runtsa ba. Ba ni da wurin hwaɗi na. In nib buɗa baki sai a ce na'ibi na son limanci. Kai da Allah yab ba ɗaki da kujeru, har ana rubuta abin da kac ce, kak ka yi shiru awa ni."

Duk tsawon rayuwata na ɗauka ni kaɗai ke jin zafin nan a gidanmu, ashe a gaban mai shi nake ta yin fushina. Hawaye suka zo mini, na juya kai ina duban akuyoyi.

Tun daga lokacin ba a yin taron malamai ban tayar da maganar ba. A rubuta aikin mataimaki dalla-dalla, a rage masa aji, a lissafa masa wahalarsa in ana maganar ƙarin girma, kuɗin zama kuma a ba wanda ya zauna. Yanzu da ba ni kan kujerar ba mai iya cewa don cikina nake yi. Ina ɗaga hannu wasu ke fara murmushi, mai rubuta bayanin taro ya san abin da zai rubuta tun kafin in buɗe baki. Har yau cewa ake za a duba. Ni kuma ba na zama sai na ga ya rubuta.

A ranar nan a Giwa Tazo, muna zaune aka kira la'asar. Na kama hannun Baba muka taka zuwa masallaci. Liman ba ya nan, an ce ya tafi Jega. Baba ya aika gidansa duk da haka, ya tsaya a bakin ƙofa jingine da sanda yana duban hanya har mutane suka fara gyaran murya. Sannan ya miƙo mini sandar in riƙe masa, ya shiga gaba.